Kunkurun Ruwa da Ya Rufe Ido Ya Ƙi Abinci: Nazarin Wani Lamari

Kunkurun da wannan nazari ya shafa irin mai jan zane ne a bayan ido, wanda masana ke kira Trachemys scripta elegans. Asalinsa kwarin kogin Misisipi ne da kudancin Amurka har zuwa arewacin Meziko, amma cinikin dabbobin gida ya kai shi kusan kowace nahiya. Wani magidanci ne ya saya wa ’yarsa shi tun yana ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannun yarinyar ba. Mai sayarwar ya haɗa musu da ’yar roba mai tsibiri a tsakiya da gwangwanin busasshen jatan lande, ya ce a riƙa canja ruwa a riƙa zuba abinci, shi ke nan. Haka kuwa aka yi, ba fashi, har wajen shekara ɗaya da rabi.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a duba shi da kyau shi ne ba a yi sakaci ba. Yarinyar ba ta taɓa mantawa da abincinsa ba, uban kuma shi da kansa yake wanke robar kowace safiya. Duk da haka kunkurun ya kusa mutuwa.

Yadda aka kai shi wurin likita

Lokacin da aka kai shi wurin likitan dabbobi ya fi mako biyu bai ci komai ba. Idanunsa biyu sun kumbura sun rufe ruf. Tsawon ƙoƙon bayansa santimita 8 ne, kuma da likita ya ɗan danna shi da yatsa sai ya lotsa, gefen baya kuma ya fara lanƙwashewa sama. Da aka sa shi cikin ruwa bai nutse daidai ba, ya karkata gefe guda yana yawo a sama. Ga kuma ’yar kumfa tana fitowa daga hancinsa, lokaci-lokaci yana miƙe wuya yana buɗe baki.

Kafin a zo, an gwada abin da aka gwada a gida. An ɗiga masa maganin ciwon ido na mutane, an shafa wa ƙoƙon mai don ya yi ƙwari, an kuma ƙara yawan jatan landen ko ƙamshin zai ja shi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin ciwon ba a idon yake ba. Man da aka shafa ma ɓarna ya ƙara, don yana riƙe datti a jikin ƙoƙon.

Likitan bai fara da allura ba. Tambayoyi ya yi ta jerowa: ina ake ajiye robar, ruwan nawa ne, mene ne ɗuminsa, akwai wurin da kunkurun ke hawa ya bushe sarai, wace irin fitila ce a kansa. Amsoshin su ne suka bayyana cutar tun kafin a ɗauki hoton ƙashi. Ruwan bai wuce lita 4 ba. Ana cika robar da ruwan famfo mai sanyi kowace safiya. Ɗakin yana da na’urar sanyaya iska da ke aiki dare da rana, kuma da aka auna ruwan daga baya sai aka same shi wajen digiri 20 zuwa 21 a ma’aunin Salshiyas. Fitila kuwa babu.

“Amma Likita, a bakin taga yake,” in ji uban. “Rana tana samunsa kullum.”

“Tagar a buɗe take ko a rufe, Malam?”

“A rufe, saboda sanyin ɗakin.”

“To, haske yake samu, ba rana ba.”

Hoton ƙashi ya nuna ƙasusuwa marasa kauri da kuma duhu a huhu ɗaya. Cututtuka uku ke nan a jiki ɗaya: laushin ƙashi, ƙarancin bitamin A, da ciwon huhu.

Inda cutar ta samo asali

Dukansu ukun daga wuri ɗaya suka taso, kuma a nan ya kamata a daɗe. Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar kaza ko kyanwa, daga waje yake ɗauka. Narkewar abinci a cikinsa, ƙarfin garkuwar jikinsa, har da yadda magani ke aiki a jininsa, duk sun rataya ne a kan ɗumin wurin da yake. A daji wannan kunkuru yakan fito daga ruwa ya hau gungume ya sha hantsi na sa’o’i, ya miƙe ƙafafu har ya bushe ƙarau, sannan ya koma ruwa ya nemi abinci. Wannan hawa da sauka ba hutu ba ne, shi ne hanyar da yake daidaita jikinsa. Kunkurun da ya zauna a digiri 20 wata da watanni bai yi sanyin da zai kwanta barcin hunturu ba, bai kuma yi ɗumin da jikinsa zai yi aiki ba. Yana nan a tsakiya, yana ci ba ya narkarwa da kyau, ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan kuma suna samun ƙofa a buɗe.

Sai batun ƙashi. Ƙoƙon kunkuru ba gida ba ne da ya shiga ciki. Haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe suka zama faranti, rayayyen ƙashi mai jini da jijiyoyi, an lulluɓe shi da ɓawo irin na farce. Kafin wannan ƙashi ya yi ƙwari sai da sinadarin kalsiyam, kalsiyam kuma ba ya shiga jini daga hanji sai da bitamin D3, shi kuma D3 fatar kunkuru ce ke haɗa shi idan wani nau’in hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, ya sauka a kanta tana da ɗumi. Gilashin taga yana tare kusan dukan wannan haske. Saboda haka ranar da uban yake gani tana haska robar ba ta tsinana wa ƙashin komai ba. Idan jiki ya rasa kalsiyam a jini sai ya riƙa zaro shi daga ƙashi, don zuciya da tsoka ba sa jira. A hankali ƙoƙo ya yi laushi, muƙamuƙi ya raunana, ƙafafun baya su fara jan ƙasa.

Jatan lande busasshe ya cika sauran. Kunkuru yana sonsa ƙwarai, shi ya sa masu kiwo ke ɗauka abinci ne nagari, amma ba shi da bitamin A na kirki. Ƙarancin wannan bitamin yana sa fatar da ke shimfiɗe a cikin ido da hanci da hanyoyin numfashi ta yi kauri ta lalace. Daga nan ne kumburin ido ke zuwa, wani lokaci har da ƙurji a kunne. Hanyar numfashin da ta lalace, ga sanyi, ga ruwa mai datti: ciwon huhu bai da wahalar shiga. Kunkuru kuma ba ya iya tari ya fitar da majina, don haka takan taru a huhu. Idan huhu ɗaya ya cika, ɗayan yana da iska, sai ka ga ya karkata a ruwa.

Abin da ke ruɗar masu kiwo shi ne jimirin dabbar. Ba ya kuka, ramarsa kuma ƙoƙo ya ɓoye ta. Ranar da ya ƙi abinci ake ɗauka ranar ce cutar ta fara, sai a yi ta tunanin me aka ba shi jiya ko shekaranjiya, alhali abin ya kwana ya tashi tun watanni.

Jinyar

Ɗumi aka fara gyarawa, a ranar. Aka sa shi a babbar roba mai ruwa kaɗan wanda bai rufe ƙoƙonsa ba, don kunkurun da ba ya iya daidaita kansa a ruwa yana iya nutsewa ya shaƙe. Aka riƙe ruwan wajen digiri 28, ɗan sama da na mai lafiya, aka kawar da shi daga iskar na’urar sanyi. Likita ya rubuta allurar kashe ƙwayoyin cuta ta ’yan makonni, da kalsiyam na ɗigawa a baki, da ruwan wanke ido. Bitamin A kuwa kaɗan ya ba shi, ya kuma ja kunnen uban kada ya sayi wani ya ƙara da kansa, domin yawansa guba ne ga kunkuru, yana sa fata ta saɓule ta bar ɗanyen nama.

A ganina wannan jeri shi ne ya ceci dabbar. Da an yi alluran an mayar da shi robarsa ta bakin taga, da maganin bai yi aikin kirki ba, ko ya ɗan farfaɗo ya sake kwantawa. Yawancin kunkurun da ake cewa magani bai karɓe su ba, wurin zamansu ne ba a taɓa ba.

Idanun sun fara buɗewa cikin mako na biyu. Kunkurun ruwa da ido yake farauta, don haka muddin ba ya gani ba zai ci ba. Abin da ya fara kamawa tana ce mai rai, motsinta ne ya ja shi.

Sabon mazauni

Akwai ƙa’idar da masu kiwo suka daɗe suna bi: galan 10 na ruwa ga kowane inci na tsawon ƙoƙo, wato kimanin lita 15 ga kowace santimita. Kunkuru mai santimita 8 yana bukatar wajen lita 120 ke nan, ba 4 ba. Aka sayi tankin gilashi na lita 150, aka cika shi yadda zurfin ruwan ya kai ninki biyu na tsawon kunkurun, don idan ya kife ya iya juyawa. Ba a zuba tsakuwa a ƙasa ba, saboda sukan haɗiye ta ta toshe musu hanji. In za a sa dutse, a sa wanda ya fi kan kunkurun girma.

A gefe ɗaya aka kafa dandamali mai gangara da zai hau ya fita daga ruwa gaba ɗaya, har cikinsa ya bushe. A samansa fitilu biyu: ta zafi, wadda ke kai saman dandamalin digiri 32 zuwa 34, da doguwar fitilar UVB a nisan da kamfaninta ya rubuta, ba gilashi ko roba a tsakani. Suna kunne awa 12, su mutu da dare. Ruwan kuma, bayan ya warke, hita mai murfin kariya ke riƙe shi a digiri 25 zuwa 26. Bambancin nan tsakanin ruwa da dandamali shi ke sa ya hau. In ruwan ya yi ɗumi daidai da dandamalin ba zai ga dalilin fitowa ba. Fitilar UVB tana da yaudara guda: tana ci gaba da haske bayan ƙarfinta ya ƙare, shi ya sa ake canja ta duk wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinta. Yarinyar ta rubuta ranar da aka ɗaura ta a jikin tankin.

Rana ta gaskiya ta fi kowace fitila, in akwai hali. Sai dai a fitar da shi a buɗaɗɗiyar roba mai inuwa a gefe, mutum na tsaye a kansa. Tankin gilashi a cikin rana kan yi zafin da zai kashe shi cikin ɗan lokaci.

Ruwan ne ya fi ba su wahala. Kunkurun ruwa a ruwa yake ci, don ba ya iya haɗiye abinci a tudu, a ruwan kuma yake kashi, kuma dattinsa ya fi na kifi nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake sayen injin tace ruwa mai ƙarfin ninki biyu ko uku na girman tankin. Amma aikin injin ba tare datti kawai ba ne. A cikin sosonsa wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke zama, suna juya amoniyar da ke fitowa daga kashi zuwa naitirait, su kuma juya wannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kafin su yi yawan da za su iya aikin sukan ɗauki mako 4 zuwa 6.

A nan aka samu koma-baya. Uban mutum ne mai son tsabta, da ya ga soson ya yi baƙi sai ya cire shi ya wanke tas da sabulu a bakin famfo. Cikin kwanaki ruwan ya yi fari-fari ya fara wari, idon kunkurun ya sake yin ja. Sinadarin kulorin da ke ruwan famfo da sabulun sun kashe ƙwayoyin, aiki ya koma farko. Daga nan aka tsayar da tsari: soso a ɗauraye shi a cikin tsohon ruwan tanki da aka kwasa a bokiti, ba sabulu. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo wanda aka sa wa maganin kashe kulorin. Aka kuma sayi kayan gwajin ruwa. Amoniya da naitirait su tsaya a sifili, naitiret kada ya wuce 40 a ma’aunin kayan gwajin. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali yana ƙona idon dabbar, don amoniya ba ta da launi.

Abinci

Raba shi da jatan lande ya ɗauki lokaci, don kunkuru yana da taurin kai a kan abin da ya saba. Aka riƙa jiƙa dunƙulallen abincin kunkuru na kamfani tare da ɗan garin jatan landen, ana rage garin a hankali. Yarinyar ce ta fi shan wahalar wannan, don duk lokacin da ta wuce sai ya taso yana kaɗa ƙafafu a jikin gilashi.

“Baba, yunwa yake ji fa,” takan ce.

Ba yunwa ba ce, hali ne. Kunkurun nan zai roƙa ko yanzu ya gama ci, kuma wanda ake biye masa yakan yi ƙiba har ya kasa janye ƙafafunsa ciki, hantarsa ta yi kitse, ƙoƙon ya taso tudu-tudu. Ma’aunin da aka ba su shi ne abincin da zai cika kan kunkurun da a ce kan fanko ne, sau ɗaya a rana yanzu da yake yaro, in ya girma kuma duk bayan kwana biyu ko uku.

Ƙananansu sun fi son nama, manya kuma ganye ne ke rinjaye a abincinsu, don haka gara a saba masa da ganye tun yanzu. Kullum ana jefa masa ganyen latas mai duhun kore ko kainuwa mai tsabta, wani lokaci gurzajjen karas ko kabewa saboda bitamin A. Makonni ya yi yana kallon ganyen kamar bai san abinci ba ne, sannan wata rana aka ga gefensa a gutsure. Ana ba shi tana da gyare sau ɗaya ko biyu a mako. Alayyafo ba a yawaita shi, don yana ɗaure kalsiyam ya hana jiki amfana da shi. Naman dafuwa, burodi, madara da duk abin da aka sa wa gishiri ba sa shiga tankin. Tsokar nama zalla tana da fosfaras da yawa kalsiyam kaɗan, akasin abin da ƙashinsa ke nema.

Lafiyar mutanen gidan

Wata amsa da uban ya bayar a tambayoyin farko ta fi tayar wa likita hankali fiye da ƙoƙon: a wurin wanke kwanuka ake wanke robar, kuma akwai ƙanin yarinyar ɗan shekara uku da ke wasa da kunkurun. Kunkuru mai ƙoshin lafiya ma yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsa ba tare da wata alama ba, tana fita a kashinsa ta zauna a ruwa da jikin ƙoƙo. Ga babba gudawa ce da zazzaɓi, ga ƙaramin yaro tana iya kaiwa ga kwanciya asibiti. Saboda yawan yaran da suka kamu ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sayar da kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba tun 1975, don irin waɗannan ƙananan ne yara ke sawa a baki. Aka ware bokiti da soso na tankin kaɗai, ruwan da aka kwasa a zubar a bayi, duk wanda ya taɓa tankin ya wanke hannu da sabulu, ƙaramin kuma sai dai ya kalla ta gilashi.

Inda aka tsaya

Bayan kimanin wata shida ƙoƙon ya daina lotsawa, kunkurun yana nutso daidai yana hawa dandamali kowace safiya. Ya fara zubar da tsohon ɓawon ƙoƙonsa falle-falle, abin da ya firgita yarinyar har sai da aka gaya mata alamar girma ce. Lanƙwasar gefen baya kuwa ba ta miƙe ba, kuma ba za ta miƙe ba. Ƙashin da ya yi ƙwari a karkace haka zai zauna.

A duba na ƙarshe tsawonsa ya kai santimita 11, faratan gabansa gajeru ne, wutsiyar siririya. Namiji a wannan girma yakan fara fitar da dogayen farata da kaurin wutsiya, don haka likita ya ce da alama mace ce. Wannan ya canja lissafi. Macen irin nan tana kai santimita 25 zuwa 30, tana bukatar ruwan da ya haura lita 400, nauyin da ya doshi rabin tan in an haɗa da tankin. Tana iya rayuwa shekara 20 zuwa 30 ko fiye. Kuma in ta balaga za ta yi ƙwai ko babu namiji, sai an tanadar mata akwatin ƙasa mai laima da za ta tona, in ba haka ba ƙwan ya maƙale mata har ya kai ga tiyata.

Uban ya yi shiru, sannan ya tambaya ko in ta yi girma ba za a kai ta wani tafki a sake ta ba. Likita ya ce a’a. Wannan nau’in yana cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna a wuraren da ba nasu ba, yana ƙwace wa kunkurun asali abinci da wurin shan rana, yana kuma kai musu cuta. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997, a 2016 kuma ta haramta sayar da shi da hayayyafa shi da sakinsa. In riƙon ya gagara, a nemi wanda ya san kiwon ya karɓa, ko wata cibiyar kula da dabbobi.

Sun zaɓi su riƙe ta. Maimakon tankin gilashi mai tsada da nauyi, za su sa babban kwamin roba mai kauri a ƙasa idan ta kai santimita 15, da injin tace ruwa mafi ƙarfi. Likita ya ba su ranar sake ɗaukar hoton ƙashi bayan wata shida, don a ga yadda kaurin ƙashin yake tafiya.